Amsa ga Baffa: Yadda Karen Farauta Ke Zama Gida Ɗaya da Kyanwa a Ingila

Baffa, Allah ya ƙara girma. Ka ce an nuna maka hoton wani zanƙalelen kare kwance a kan kujera, kyanwa ta ta da kai da cikinsa tana sharar barci, aka ce maka a Ingila aka ɗauka. Ka tambaye ni ko wani magani Turawa ke ba karnukansu har zuciyarsu ta mutu, don kai a saninka kare mai jinin farauta ba ya ganin abu mai gashi yana gudu ya ƙyale shi. Saninka yana nan daram, Baffa. Karen bai canza ba. Gidan aka tsara, da yadda ake zama a cikinsa, kuma hoto ba ya nuna wannan.

Mu Hausawan da muka daɗe a nan, yawancinmu masu kyanwa ne. Gidajen matsattsu ne, in ka ajiye kare to a falo zai kwana, kusa da inda ake shimfiɗa dadduma, kuma da yawa daga cikinmu ba sa son haka. Amma zama ya yi zama. Akwai wanda ya auri 'yar ƙasa ya tarar da kare a gidanta, akwai 'ya'yanmu da aka haifa a nan suka girma suka ajiye nasu, akwai mai larurar ido da aka ba karen jagora. Ko ba ka da kare ma, maƙwabcinka yana da shi, shingen da ke tsakaninku na katako ne, kyanwarka kuma kullum sai ta haura. Dole ta sa muka koyi abin.

Abu na farko da masu horar da karnuka ke cusa wa mutum shi ne ya bambanta faɗa da farauta. Kare mai faɗa yana gurnani, yana haushi, gashin ƙeyarsa ya miƙe, so yake abin da ke gabansa ya ba shi wuri. Mai farauta shiru yake yi. Ba fushi ke cinsa ba, daɗi ma yake ji. Shi ya sa tsawa da duka ba sa cire masa abin, iyaka dai ya koyi jira har ka ba da baya.

Wani masanin karnuka ɗan Amurka, Raymond Coppinger, ya bayyana farauta a matsayin matakai da ke bin juna: kare ya hango, ya ƙura ido, ya yi sanɗa, ya kora, ya cafka, ya girgiza har abin ya mutu, sannan ya yayyaga. Kyarkeci yana yin su duka, don da su yake ci. Shi kuwa ɗan Adam, cikin ɗaruruwan shekaru na zaɓen wanda zai haihu da wanda ba zai haihu ba, ya ƙara wa wani mataki ƙarfi a wani irin kare, ya rage wani. Koli, karen da ke kiwon tumaki, an bar masa ƙura ido da sanɗa da kora, an rage masa cizo, in ba haka ba da ya ƙarar da garken. Labrado an bar masa ɗauka da baki a hankali, ya kawo wa maharbi tsuntsu ba tare da ya tauna ba. Teriya, 'yan ƙananan nan da aka yi don ɓeraye da shiga ramin dila, an bar musu cafka da girgiza cif. Kada ƙanƙantarsu ta ruɗi kowa, a kan kyanwa sun fi manyan karnuka da yawa haɗari. Sai haski mai jan keken ƙanƙara, shi ma ba a ba shi amanar ƙaramar dabba da wuri. Sai kuma masu farauta da ido da gudu: Saluki, da Azawak na Buzaye da ka sani, da ɗan'uwansu karen tsere na Ingila, wato girehawun.

A kan wannan na ƙarshen aka fi yin maganar a nan, kuma da dalili. Tun 1926, lokacin da aka buɗe filin Belle Vue a Manchesta, ake tseren karnuka a zagayayyen fili suna bin zomon ƙarya da inji ke ja. Sakin karnuka su bi zomo mai rai kuwa, dokar 2004 ta hana shi a Ingila da Wales. Karen tsere yakan bar fili kafin ya wuce shekara 5, alhali yana iya kai shekara 12 a duniya, don haka ƙungiyoyin jin ƙai ke karɓarsu suna nema musu gidaje. Ka duba lamarin: dabbar da tun tana kwikwiyo aikinta ke nan, ta ga abu mai gashi yana gudu ta bi, gudunta yana kai kilomita 70 a awa, ita ce za a kai gidan da ke da kyanwar da ba ta kai 50 ba.

Abin mamaki, wasunsu suna zama lafiya lau. A cikin gida malalata ne, yini suke barci. Kafin a ba mai kyanwa irin wannan kare sai an gwada shi: a sa masa takunkumi, a riƙe shi da igiya, a shigo da kyanwar da ta saba da karnuka. Wani zai sansana ta ya kau da kai, wani ma tsoronta zai ji. Wani zai nuna sha'awa amma in an kira sunansa ya waiwayo, shi ne ake cewa zai horu. Na uku kuwa, na taɓa ganin irinsa da idona a gidan wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya. Kare ne mai sanyin hali, yara na hawan bayansa. Kyanwar tana leƙowa daga matakalar bene, sai bakinsa da ke buɗe ya rufe ruf, kunnuwa suka miƙe gaba, ƙafar gaba ɗaya ta ɗago ta tsaya a sama, cinyoyinsa suna rawa. Mai gidan ya kira sunansa, ko gezau. Ya kawo tsokar nama har bakin hancinsa, bai ko kalle ta ba. Karen da ya ƙi nama saboda kyanwa ya gama ba ka amsa. Sun yi watanni suna fama, daga baya suka mai da shi ƙungiyar da ta ba su, aka sama masa gidan da babu kyanwa. Wasu a cikinmu sun ce sun gaza. Ni a ganina sun yi hankali, don hali zanen dutse ne, kuma ran kyanwar ba abin gwaji ba ne.

In karen ya ci jarrabawar farko, to sannan aiki ya fara. Ba a haɗa su ranar da aka zo. Kyanwa tana ɗaki guda da abincinta da ruwanta da kwandon bayan gidanta, ƙofa a rufe. A goga tsumma a jikin wannan a ajiye wajen wancan, kowa ya saba da warin ɗan'uwansa kafin ido ya ga ido. Bayan nan a sa irin ƙyauren ƙarfen nan da ake tare jarirai da shi daga hawa bene, su riƙa hango juna ta tsakanin sanduna. Kare yana ɗaure da igiya a hannun mai shi. Duk lokacin da ya kalli kyanwa ya kau da kai da kansa, a jefa masa ɗan abin daɗi. Ana so ne ya gane cewa ganin kyanwa yana nufin ya juyo wajen uban gidansa. A wani gidan makonni ake yi, a wani watanni, kuma ƙa'idar da ba a wasa da ita ita ce kada a bari ya kore ta ko sau ɗaya, don korar ita kanta lada ce a wajensa, in ya ɗanɗana sai ya nemi ƙari.

Ita kuma kyanwa ana tanada mata sama. Kan kabad, katako da aka kafa a bango, doguwar hasumiya mai hawa-hawa da ake sayarwa don su. Kowane ɗaki ya zama tana da inda za ta ɗale, kuma kada a bar lungun da in ta shiga babu mafita. Kwandon bayan gidanta ma a inda kare ba ya kaiwa ake sa shi, don kare, ka yi haƙuri da maganar, yana cin abin da ke ciki, ita kuma in aka tsare ta a can sau ɗaya sai ta koma yi a kan gado.

Masu bincike sun duba abin. A 2008 wasu malamai a Jami'ar Tel Abib suka bincika gidajen da ke da dabbobin biyu, suka ga an fi dacewa in kyanwa ce ta riga zuwa gidan, kuma in aka haɗa su da ƙuruciya, kyanwa ba ta wuce wata 6 ba, kare bai wuce shekara 1 ba. Sun kuma lura cewa waɗanda suka tashi tare suna koyon karanta juna, duk da cewa alamominsu a wasu wuraren kishiyoyi ne. Kare na kaɗa wutsiya don zumuɗi, kyanwa na kaɗa tata in ranta ya ɓaci. Kare ya kwanta rigingine ya sallama ke nan, kyanwa kuwa tana iya yin haka don ta sami damar amfani da faratan ƙafafunta huɗu. Wani binciken na Jami'ar Linkon a nan Ingila, a 2018, ya nuna cewa kwanciyar hankalin kyanwar ya fi na karen tasiri a kan yadda zaman zai kasance, kuma a gidajen da aka tambaya ita ce ta fi yi masa barazana. Wannan ya dace da abin da muke gani. Ƙasurgumin muzuru da zai zauna daram a tsakiyar falo, kare ya matso ya sharara masa mari a hanci, ya fi zama lafiya da 'yar kyanwa mai firgita da ke arcewa da an motsa. Gudun shi ke ta da jinin. Sai dai marin ma yana da nasa haɗarin, don farcen kyanwa na iya yanka idon kare.

Ga inda mutane suka fi yin asara, kuma ina so ka riƙe wannan sosai. Karen da ya saba da kyanwar gidansu, da ita kaɗai ya saba, kuma a cikin ɗaki. Ta maƙwabta nama ce a wajensa. Ita kanta ta gidan, in ya gan ta a lambun bayan gida da magariba ta ruga a guje cikin ciyawa, yana iya binta kafin ya gane ko wace ce. Sabo turken wawa ne a nan. In karnuka biyu ne abin ya fi muni, ɗaya na tashi ɗayan zai bi, har wanda shi kaɗai ba ya kula ta. Shi ya sa masu karen tsere da yawa ke leƙa lambu su tafa hannu kafin su sake shi, su kuma sa masa takunkumi in za a fita yawo, ko da yake dokar Ingila ba ta tilasta musu ba. A Arewacin Ailan kam doka ce tun 1950. Kyanwa a nan tana yawonta yadda ta ga dama, babu mai ɗaure ta, kuma a idon doka dukiyar mai ita ce. Tun watan Yunin 2024 ma wajibi ne a Ingila a dasa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, kamar yadda ake yi wa karnuka tun 2016. Don haka in karenka ya kashe ta, za a san ta wane ce, kuma zaman maƙwabtaka ya ɓaci ke nan.

In tsautsayi ya faɗa kare ya cafki kyanwa ya girgiza, ko babu jini a jikinta ba a jira gari ya waye. Haƙoran na iya barin 'yan ƙananan huji a waje, alhali a ciki haƙarƙari ya karye ko huhu ya fashe. Wajen likitan dabbobi ake nufa nan take.

Akwai kuma cutarwar da ba ta da cizo. Kyanwar da ta koma zama a saman bene ba ta saukowa sai dare ya raba, ta rage cin abinci, tana lasar cikinta har gashin ya zube, tana zuwa fitsari a kai a kai tana ɗiga kaɗan-kaɗan, wannan a tsorace take rayuwa ko da karen bai taɓa taɓa ta ba. Damuwa na jawo musu ciwon mafitsara, kuma a wajen muzuru fitsarin na iya toshewa gaba ɗaya, abin da ke kisa cikin 'yan kwanaki in ba a kai shi asibiti ba. In aka kai wannan matsayi, ko dai a raba gidan biyu na dindindin, sama nata ƙasa nasa, ko a nema wa ɗayansu wani gidan.

Ko a gidajen da zaman ya yi daɗi shekara da shekaru, waɗanda suka san abin da suke yi ba sa fita aiki su bar karen farauta da kyanwa a ɗaki ɗaya. Kare a kicin, kyanwa a sama, a ja ƙofa a tabbatar ta kama, sannan a ɗauki makullin mota.

A gaishe mini da su Inna da yara.