Na'urorin Wi-Fi ɗin unguwarmu suna ƙonewa duk damina, mu bari ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Mu gida 25 ne a Rigasa muka haɗa kuɗi muka jawo intanet ɗaya, muka kafa eriya a kan dogon bututun ƙarfe muna raba wa juna. Daminar nan sau biyu rauta (na'urar raba intanet) da eriya suna ƙonewa bayan tsawa, har wani yaro ya ji fizgar wuta a jikin kebul. Wanda ya haɗa mana ya ce tunda gindin bututun yana cikin ƙasa, atin, wato hanyar da wuta za ta bi ta shige ƙasa, ya wadatar. Hankalina ya tashi, Malam.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ku bari. Irin wannan haɗin gwiwa ba baƙo ba ne a jiharmu, Gidauniyar Fantsuam ta kafa Zittnet, tsarin raba intanet ta eriya, a Kafanchan sama da shekara 15 da suka wuce. Amma yau ɗin nan ku zare kebul ɗin da ya sauko daga sama, ku hana yara zuwa kusa da bututun har sai an gyara.

Maganar mai haɗa muku kuwa, ita ce kullum nake fama da ita, kuma tana ci mini rai. Bututun da aka shafa wa fenti, aka binne rabin mita a busasshiyar jar ƙasa, ba atin ba ne. Fenti da tsatsa suna tare wuta, ƙasar sama kuma ba ta da danshin da zai shanye ta. Wutar da ta rasa hanya sai ta bi kebul ta shiga ɗaki, inda mutum yake zaune da kwamfuta a cinya. Kuma ba sai aradu ta faɗo a kan bututunku ba. Ko a layin baya ta sauka, doguwar waya tana ɗaukar wutar da za ta gasa na'ura, yawancin ƙunar ma ta haka take faruwa. Wani zai zo ya ɗaura siririyar waya a ƙusa, ya zuba gishiri rabin buhu, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Gishirin nan ruwa zai wanke shi, kafin ya tafi kuma ya cinye ƙarfen. Wani ya ce a kashe soket idan hadari ya haɗo ya isa. To, wutar da ta keto sararin sama, ɗan tsakanin da ke cikin makunni ne zai tsayar da ita? Duk wanda yake wannan aiki da ka, ba ya awo, da rayukan mutane yake wasa.

Ga yadda aikin yake. A kafa sandar kamun tsawa ta ɗara eriya tsawo. A sauko da wayar jan ƙarfe mai kauri, kada ta gaza milimita 16 murabba'i, a miƙe, ba lanƙwasa ba naɗi. A buga sandar jan ƙarfe mai mita 2.4 a inda ƙasa take da danshi, a ɗaure wayar da maɗauri mai noti, ba murɗawa da hannu ba. A auna da na'urar awon atin, mitar masu gyaran rediyo ba ta yin wannan, a nemi awon ya gaza om 10 (om shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wuta). In bai kai ba a ƙara sanda ta biyu, tazararsu ta kai tsawon sandar aƙalla. Da rani ake sake awon, lokacin ne ƙasa ta fi taurin kai.

Abin da aka fi mantawa shi ne haɗa wannan atin da na gidan. In aka bar su a rabe, bambancin wutar da ke tsakaninsu ta cikin rautarku zai bi. Kebul ya zama na waje mai sulke, da na'urar kariya daga wutar tsawa ɗaya a gindin eriya, ɗaya a inda ya shiga ɗaki, kowacce da wayarta zuwa atin. Ku daina rataya kebul daga rufin kwano zuwa rufin kwano, ku haɗa gidaje da eriya ko da faiba, wadda gilashi ce, ba ta ɗaukar wuta.

Bututun kuma a ɗaure shi da wayoyi 3 ta ɓangarori 3, a wurin da ko iska ta kayar da shi ba zai taɓa wayar falwaya ba. Kada kowa ya hau sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe.