Amsa: me ya sa shari'ar gona ba ta ƙarewa?

Salamu alaikum ɗan uwa, ka ce shari'ar gonarku a wajen Ringim ta shekara huɗu a kotu, kana tambaya wai me ya kamata a gyara. Ni dai a ganina babbar cutar ita ce ɗage zama, yau lauya bai zo ba, gobe alƙali ya tafi taro, jibi shaida yana gona don damina ta kankama, ga shi har yanzu alƙalai da yawa da hannu suke rubuta kowace kalma, to ina za a yi sauri? In an canza alƙali kuma sau da yawa sai a faro daga farko. Sannan ga ɗaukaka ƙara, daga kotun shari'a har Kotun Ƙoli a Abuja, talaka ya sayar da tumakinsa kaf kan kuɗin mota da na lauya.

Gyaran da na gani da ma'ana shi ne kotun ƙananan basussuka, Legas ta fara a 2018, Kano ma ta bi, a lokacin da aka fara, ƙa'idar ita ce bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba a gama cikin kwana 60, ko ba lauya. Amma wannan na kuɗi ne, bai shafi gona ba. Da za a sa wa shari'ar gona irin wannan wa'adin da an huta wallahi.

Kai dai ka roƙi alƙali ya ba ku damar sulhu, ku zauna gaban dagaci da dattawan da suka san iyaka, abin da kuka daidaita a rubuta a kai kotu ta tabbatar.