Wai daga ina hip-hop ya samo asali?

Ɗan uwa ka tambaya ko daga Afirka aka fara waƙar rap, wato salon waƙar hip-hop, to gaskiya ba haka bane kai tsaye. A unguwar Bronx ta birnin New York abin ya tsiro, ranar 11 ga Agusta 1973 DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, yayi kiɗa a wani fati da ƙanwarsa ta haɗa a gidan da suke haya. Dabarar sa itace ya ɗora faifai biyu iri ɗaya, in an zo wajen da ganga kaɗai ke tashi sai ya dinga maimaita shi, yara su shiga fili suna rawa, wani kuma ya riƙe makirfo yana zuba kirari yana zuga jama'a, to daga wannan zugar rap ya fito.

Lokacin fa Bronx ta lalace, talauci, gidaje na cin wuta, matasa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka ba aikin yi, shi yasa daga baya waƙar ta zo da zafi, ana faɗar abinda ke damun unguwa. A 1979 ƙungiyar mawaƙan Sugarhill Gang suka sa ta shiga rediyo sosai, daga nan kuma sai kuɗi suka shigo, kaya, takalma, sarƙa a wuya, wasu ma sai tutiya kawai, ni dai wannan ɓangaren bai taɓa burge ni ba.

Masu cewa Afirka dai suna da ɗan hujja, don salon yayi kama da kirarin maroƙa. Yanzu ga su Classiq da DJ AB suna yinta da Hausa, samarin Kano da Kaduna na bi baki da baki.