Taurarin kwarashi na Kirsimeti: sun ƙi miƙewa, kuma an ce mini ulu ba ya cin wuta

Tambaya: Anti, barka da aiki. Shekara biyu ke nan ina saƙar kwarashi, huluna da takalman jarirai. Bana zumuntar mata ta majami'armu a Jos ta ba ni aikin taurari 60 na adon Kirsimeti, wasu za a rataya a bishiya, wasu a jera a igiya bisa tagogi. Na yi 12, duk sun lanƙwashe kamar ƙoƙo, tsinin ya langaɓe. Wata ta ce in jiƙa su a ruwan sukari, wata ta ce in shafa musu sholisho. Kuma a daren za a kunna kyandirori a bakin tagogin. Da na nuna damuwa, mai sayar mini da zare ya ce ulu ba ya cin wuta. Saura mako uku, na riga na karɓi rabin kuɗi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, mako uku ya ishe ki har da saura. Lanƙwashewar ba wata matsala ba ce, a wuni ɗaya za ki gyara ta. Maganar mai zaren nan ce ta tayar mini da hankali, amma bari mu fara sallamar ƙaramar.

Tauraro ya yi ƙoƙo, to zagayen farko ya yi kaɗan ko hannunki ya yi tsauri. Ki zuba dogayen saƙa masu naɗi ɗaya guda 15 a cikin zoben tsakiya. Kowane tsini ya ci gida uku, wato saƙa uku daga cikin 15 ɗin: sarƙa biyar, ki dawo kanta daga gajeren saƙa zuwa mai naɗi biyu, ki tsallake gida biyu, ki kama a na uku. Sau biyar, lissafi ya cika. In ya sake ƙoƙo, ƙara girman kwarashi da rabin milimita. Ki kuma koma zaren auduga. Siririn nan mai lamba 10 yana son kwarashi mai milimita 1.5 zuwa 1.75, shi ne ke fitar da tsini kamar an yanka da almakashi.

Ruwan sukari kuwa, kiyashi da kyankyasai za ki yi wa walima, kuma da damina ta shigo taurarin za su yi danƙo su yi fumfuna. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ki dama shi da ruwa daidai wa daida. Ki tsoma tauraron, ki matse, ki shimfiɗa a kan kwali da aka rufe da leda, ki ja kowane tsini ki kafe da fil marar tsatsa. A iskar hunturun Jos kwana ɗaya ya bushe ƙamas. Sholisho kada ya shigo ɗakinki. Tururinsa kaɗai yana kama wuta, ga shi yana bugar da kai, kina zaune a kansa sa'o'i da yara a gefe.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Wannan magana ta "ulu ba ya cin wuta" na gaji da jin ta. Kusan duk ajin da na koyar sai wata ta maimaita mini ita, kuma in ka bi salsala daga bakin mai shago ta fito, ko daga waɗannan masu bidiyo a waya da suka koyi saƙa jiya suka zama malamai yau. Abin da ya sa ƙaryar ta yi ƙarfi shi ne akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Ulu na ainihi, na gashin tumaki, yana da wuyar kamawa. Ka kai masa ashana sai ya ƙudundune, ya yi warin ƙonannen gashi, ka janye wutar ya mutu da kansa. To amma wa ke sayar da shi a kasuwanninmu a farashin da muke saye? Abin da muke kira ulu, wanda muke yi wa jarirai huluna da shi, ki juya takardar da ke naɗe a jikinsa ki karanta. Yawanci za ki ga an rubuta 100% Acrylic. Roba ce. Daga sinadaran man fetur ake yin ta, dangin leda ce da bokitin roba. Sunan ulu kawai ta ara.

Kada ki yarda da ni, kada ki yarda da shi. Ki yanko zaren kamar tsawon yatsa, ki riƙe da filaya a tsakar gida, ga kwanon ruwa a ƙasa, ki kunna masa ashana. Za ki ga ya kama nan take, yana tartsatsi, yana baƙin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, yana narkewa yana ɗiga. Ɗigon nan da wutarsa yake faɗowa. In ya huce sai ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Shi ya sa ƙunarsa ta fi muni: yana manne wa fata ya ci gaba da cinta.

Na gani da idona. Wata ɗalibata ta yi jerin furanni na wannan zare ta rataya a bango, aka ɗauke wuta, ta kunna kyandir a kan teburin da ke ƙasa. Ƙusa ɗaya ce ta saki. Kafin ta fito daga kicin ɗanta ɗan shekara uku ya kai hannu zai ɗauko. Yaron ya warke, amma har yau fatar bayan hannunsa a tattare take, kuma uwar ba ta sake taɓa kwarashi ba. Ita ma cewa aka yi da ita ba ya ci.

Kada kuma ki ɗauka audugar da na ce ki koma mata ta tsira. Tana ci kamar takarda, kuma bayan harshen wutar ya mutu tana iya ci gaba da cin ciki. Bambancin kawai ba ta narkewa ta ɗiga a jikin mutum. Gam ɗin ma ba rigakafi ba ne. Masu cewa a jiƙa a ruwan gishiri ko alif wai shi ke nan wuta ba za ta kama ba, ban san wanda ya ba su izinin wasa da rayukan mutane ba. Su fa ba za su zo asibiti su zauna da ke ba.

Ki duba yadda daren zai kasance. Disamba ce, komai ya bushe, iska na kaɗa labule, ɗaki cike da yara cikin sababbin kaya, yawancinsu ma na roba ne, ga igiyar taurari na lilo a saman kyandir. Saboda haka ki je wurin shugabar zumuntar tun wannan makon, ki tafi da guntun zaren da ashana, ki gwada a gabanta. Taga ɗaya ba za ta ɗauki kyandir da taurari tare ba, su zaɓi ɗaya. In haske suke so, akwai ƙananan fitilun LED masu batir, ba sa zafi. Tsofaffin ƙwayayen nan masu zafi kada tauraro ya taɓa su, kuma a kashe komai kafin a kulle. Na ƙasan bishiya kada ki sa musu duwatsu ko ƙyalƙyali, masu rarrafe baki suke kai wa.

Allah ya kiyaye, in ya ɗiga wa wani, a zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, kada a ɓamɓare abin da ya manne, kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko manja, a wuce asibiti.

Goma sha biyun da kika yi ki warware su, zaren zai yi miki takalman jarirai. Mai shagon kuma, idan kin koma sayen audugar, ki tafi masa da baƙin dunƙulen nan a takarda ki ajiye masa a kan teburinsa.