Tambaya da Amsa: Hedifon mai dukan bes, ya ci kuɗinsa kuwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na daɗe ina tari don in sayi hedifon irin manyan nan masu rufe kunne gaba ɗaya, waɗanda bes ɗinsu ke dukan kai kamar mutum na tsaye gaban sifika. Wanda na ƙyalla wa ido, kuɗinsa ya isa sayen ƙaramar waya. A jikin kwalinsa an rubuta 50mm, an kuma rubuta 5Hz zuwa 40kHz. Abokina ya ce asarar kuɗi zan yi. Ya ci kuɗinsa ko kuwa? — Mai son kiɗa

Amsa: Ɗan'uwa, wannan abokin naka ka riƙe shi hannu bibbiyu.

Bari mu fara da kwalin, tunda shi ya fara sace maka zuciya. Kunnen ɗan Adam lafiyayye yana jin sauti ne daga wajen 20Hz zuwa 20,000Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri), kuma wannan na sama ɗin ma sai yaro ƙarami. Da shekaru suka fara ja, yana saukowa. To wa aka yi wa 40kHz, wato 40,000Hz? Jemage, wataƙila. Lambar ba ta gaya maka yadda hedifon ɗin ke fitar da sautin da ke tsakani ba, wanda kuma nan ne duk waƙar take. Haka ma 50mm: faɗin ƙaramar sifikar da ke ciki ne kawai. Akwai masu 40mm da ke kunyata masu 50mm, akwai ɗan iyafis da sifikarsa ba ta wuce 10mm ba amma bes ɗinsa ya fi tsafta.

Abin da ke ba ni haushi a wannan harka shi ne, cikin duk abin da kamfani zai zuba a hedifon, babu mai sauƙi irin ƙara bes. A toshe bayan kofin da ke rufe kunne, a matse soson ya kama kunne, in mai batir ne a taɓa lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, shi ke nan sai dum-dum. Abin da ke da wuya, wanda injiniya ke zufa a kansa, shi ne a fitar da bes mai zurfi ba tare da ya danne sauran kayan kiɗa ba. Domin kunne yana da wata ɗabi'a: sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yakan rufe wanda ke sama da shi. Bes yana zaune ne daga 20Hz zuwa kusan 250Hz, kuma gindin muryar mutum, musamman ta namiji, yana cikin wannan yankin. Da an kumbura wajen 150 zuwa 300Hz sai ka ji mawaƙi kamar an lulluɓe shi da bargo, jita ta ɓace, gangar ma ba ka jin saukar sanda a kanta, sai dai rugugi. Sai me za ka yi? Ka ƙara murya don ka ji baitin. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa a wasiƙar da ke ƙasa.

Irin wannan hedifon mota ce aka cire wa salansa. Ƙara ta ƙaru, gudu yana nan inda yake.

Wannan yayin yana da tarihi. A 2008 ne Beats, kamfanin Dr. Dre da Jimmy Iovine, manya a harkar waƙa ta Amurka, ya fito da hedifon ɗinsa na farko, kuma ba a ɗakin gwajin sauti ya ci kasuwa ba, a wuyan mawaƙa da 'yan wasa ya ci. A 2014 Apple ya saye kamfanin a kan dala biliyan 3. Sauran kamfanoni suka ga inda kasuwa ta nufa. Sony na da jerin da ya kira Extra Bass, Skullcandy kuma ya yi Crusher, wanda aka sa masa abin da ke girgiza kofin a kan kunnenka, har da maɓallin ƙara girgizar. Shi wannan na ƙarshen ina ɗan girmama shi, don bai ɓoye sana'arsa ba: girgiza yake sayarwa, kuma ya faɗa. Adalci kuma shi ne a ce Beats na baya-bayan nan sun rage haukan bes ɗin sosai idan aka kwatanta da na farko.

Batun tsada kuwa, an auna. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya wallafa nazari a mujallar ƙungiyar masana sauti ta Amurka, inda ya duba ma'aunin hedifon 283, ya tarar babu wata alaƙa tsakanin farashi da yadda suke fitar da sauti daga ƙasa zuwa sama. Mai tsada na iya yin kyau, na iya yin muni, haka ma mai araha. Sannan a kamfanin Harman mai ƙera kayan sauti, Sean Olive da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna sa mutane saurare ba tare da sun san sunan abin da ke kansu ba. Sakamakon ba zai yi wa masu ƙin bes daɗi ba: mafi yawan mutane suna son a ɗan ɗaga shi. Amma a ɗan ɗaga, kuma can ƙasa, inda ba zai taka murya ba. Wato son bes ɗinka ba laifi ba ne, malam. Biyan kuɗin waya guda dominsa shi ne abin dubawa.

To me mutum ke saye idan ya biya da yawa? Wani lokaci abin kirki: fasahar kashe hayaniyar waje, wadda ta fi iya cinye gurnanin inji mai ɗorewa kamar na jirgi ko na mota, makirfo mai kyau don kira, ƙarfe a inda masu araha ke sa roba, soso mai laushi da za ka yi awa uku da shi kanka bai yi ciwo ba. Idan waɗannan kake nema, biya. Wani lokaci kuma tambari kake saye da kuɗin tallar da ta jawo ka. Ka kuma tuna kusan duk mai Bluetooth yana da batirin lithium a ciki, batir kuwa tsufa yake yi, kuma da yawansu ba a yi su don a buɗe a canza ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sony MDR-7506 mai igiya tun 1991 ake yin sa, har yau yana ɗakunan naɗar sauti. In soso ya mutu a sa sabo, a ci gaba.

Ga abin da nake sa kowa ya yi, kuma ba na gajiya da maimaitawa. Ka sayi hedifon matsakaici wanda sautinsa ya daidaita, sannan ka ƙara bes ɗin da hannunka a ikwalaiza, wato saitin da ke ɗaga ko sauke kowane ɓangare na sauti. Spotify na da tata, yawancin wayoyin Android na da tasu, akwai kuma manhajar Wavelet. Ka ɗaga wajen 60Hz da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 3 ko 4, ka ɗan sauke wajen 250Hz, ka rage ƙarfin gaba ɗaya kaɗan don kada sautin ya fashe. Ranar da za ka saurari karatu ko labarai, ka mayar da shi daidai. Wanda aka gina da kumburarren bes tun daga masana'anta, sai ka yi ta kokawa da shi kafin murya ta fito.

Kafin ma ka kashe ko sisi, gwada wannan da wanda ke hannunka yanzu. Kunna waƙa, sa tafin hannu ka danna kofunan biyu a kan kunnuwanka. Ka ji yadda bes ya cika? Yanzu ɗaga gefe ɗaya kaɗan, gwargwadon kaurin ɗan yatsa. Ya gudu. Bes iska ce da aka tsare, ko'ina ta sami kafa sai ta zurare. Ƙafar tabarau tana buɗe wannan kafar, soson da ya tsage ma haka, robar iyafis da ta yi wa kunnenka kaɗan ma haka. Mutane da yawa da ke kukan ba su da bes, robar bakin iyafis mai girma ɗaya sama ce maganinsu, kuma tana cikin kwalin da suka jefar.

In kuma ka dage sai ka saya, kuɗinka ne. Amma ka gwada da waƙar da ka haddace, ba wadda mai sayarwa ya zaɓa ba, ka haɗa da muryar mutum yana magana. Kuma ka daidaita ƙarfin muryar hedifon biyun da kake kwatantawa. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin bes sosai idan sauti ya yi ƙasa, yana ƙara jin sa idan an ƙure. Saboda haka duk wanda ya fi ƙara a cikin biyun zai yi kamar ya fi daɗi, ko da bai fi ba.

Tambaya: Iyafis ɗina ɓangaren hagu ya yi ƙasa sosai. Ya lalace ne? — Wata ɗaliba

Amsa: 'Yar'uwa, cire robar ki kalli ragar da ke bakinsa a wurin haske. Abin da kika gani, daga kunnenki ya fito. Busasshen burushi mai laushi, ragar tana kallon ƙasa, kada ki tura allura. Idan tsaf take, duba ma'aunin hagu da dama a saitin masu buƙata ta musamman na wayarki, wataƙila yatsa ya ja shi gefe.

Tambaya: Malam, idan na cire hedifon da daddare sai in riƙa jin wani ƙara siriri, ziiii, a kunnena, amma kafin safe ya tafi. Hedifon ɗin ne ba shi da kyau? In canza wani? — Mai kwana da kiɗa

Amsa: Hedifon lafiyarsa ƙalau. Kunnenka ne ke kai ƙara, kai kuma kana neman ka canza masa mai duka.

A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, su ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, shi ne wannan ziiii ɗin da dushewar ji na 'yan awoyi. In aka ci gaba, mutuwa suke yi, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Ba shagon da ke sayar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare, ta kuma ba da ma'auni: babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Abin da mutane ba su gane ba shi ne lissafin ba a hankali yake tafiya ba. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya rabu biyu. A desibel 90 awa 4 ke gare ka a mako ɗungurungum, a 95 kuwa awa ɗaya da kwata. Waya da hedifon idan aka ƙure su suna iya haura 100. Kai kuma ka ce da shi kake kwana.

Nan ne maganar da na ce a riƙe ta shigo. Wanda bes ya rufe masa murya yana ƙara sauti don ya ji kalmomi, wanda ke cikin hayaniya ma yana ƙarawa don ya rinjayi hayaniyar. Shi ya sa in za a kashe kuɗi, na fi son a kashe a kan mai toshe hayaniyar waje, don yana barin mutum ya saurara a ƙasa-ƙasa. Wayarka takan yi gargaɗi idan ka haura iyaka, kai kuma ka saba danna "na yarda" ko karantawa ba ka yi. A iPhone akwai saitin rage sauti mai ƙarfi a ƙarƙashin kariyar ji, a wayoyin Samsung akwai iyakar ƙarfin sauti; kunna, ka bar shi a kunne. Kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin wayar, ka riƙa cirewa kana hutar da kunnen, ka sa wa kiɗan dare lokacin da zai kashe kansa. Idan ƙarar ta wuce kwana ɗaya ko biyu ba ta tafi ba, ko ka wayi gari kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya, wannan ba aikina ba ne, ka ga likitan kunne ba tare da jinkiri ba.

Tambaya: Na sayi hedifon mai LDAC amma ban ga bambanci a iPhone ɗina ba.

Amsa: Ba za ka gani ba. LDAC hanyar tura sauti ta Bluetooth ce ta Sony, Android ta karɓe ta tun siga ta 8, iPhone kuwa da wata hanyar mai suna AAC take turawa. Kada ka damu, a cikin mota ko kan titi da ƙyar ka iya bambance su ko da kana da shi.

Tambaya: An ce sabon hedifon sai an bar shi yana kiɗa na kwanaki kafin sautinsa ya buɗe. Gaskiya ne?

Amsa: Kunnenka ne ke sabawa da shi, soson kuma yana ɗan kwantawa daidai da kanka. In bai yi maka daɗi a makon farko ba, mayar da shi tun lokacin mayarwa bai ƙure ba.

Tambaya: Wayata ba ta da ramin iyafis. Na sayi adafta ta USB-C amma shiru, ba sauti. Kuma da na koma Bluetooth, idan ina wasan gem sai harbi ya fita kafin in ji ƙararsa.

Amsa: Adaftar iri biyu ce: mai ɗauke da guntun na'urar da ke juya sauti, wato DAC, da kuma wadda igiya ce zalla. Ta biyun ka saya, wayarka kuma ta farkon take so. Jinkirin kuwa halin Bluetooth ne. Kunna yanayin wasa idan hedifon ɗin na da shi, in ba shi da shi, nemo adaftar da ta dace ka koma igiya.