Ku Tambaya Mu Amsa: Munazzama ta tattara ta tafi, wa zai riƙe mana asibiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun lokacin da mutanen Madani da Sinja suka gudo saboda yaƙin Sudan suka cika garin nan, wata munazzama, wato ƙungiyar agaji, ce ke riƙe da ɗan asibitin unguwarmu, magani kyauta, awon ciki kyauta, har ruwa suke kawo mana a tanka. Yanzu sun ce kuɗinsu ya ƙare sun tattara. Dan Allah dama aikinsu ne ko na hukuma? Sannan ƙanena da ke Jidda yana so ya riƙa turo wani abu duk wata don mabuƙata, ina ya fi dacewa ya sa? Daga Uwar Yara, Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo mana sauƙi. Aikin hukuma ne, ba wani kwana-kwana. Munazzama taimako ta zo yi, ba ita ke karɓar haraji ba, ba ita ke da Diwanin Zakka ba, ranar da masu ba ta kuɗi suka rufe jaka sai dai ta yi muku sallama.

To me ya sa hukumar ta sakar musu? Aljihunta ya daɗe da hujewa tun kafin yaƙi. A 2011 da Sudan ta Kudu ta ɓalle ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin da ƙasar ke taƙama da shi, a Fabrairun 2021 aka karya jine, kuɗin Sudan, daga 55 zuwa 375 kan dala ɗaya, a Oktoban shekarar sojoji suka yi juyin mulki Bankin Duniya ya dakatar da tallafinsa, sai kuma 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, ma'aikatu suka koma Port Sudan, ɗan abin da ke shigowa na zinare da kwastan yaƙi ke fara cin rabonsa, malaman makaranta da ma'aikatan jinya suka yi wata da watanni ba albashi. Wannan bayani ne nake miki, ba wai na wanke su ba fa.

Kuma dogaro da na waje ba yau ya fara ba mu kunya ba. A Maris 2009 gwamnatin Bashir ta kori ƙungiyoyin agaji na waje 13 lokaci guda, mutanen sansanonin Darfur ne suka ji a jikinsu. A Janairun 2025 kuma Trump ya dakatar da tallafin Amurka, cikin 'yan makonni aka ba da rahoton kusan kashi 80 cikin ɗari na takiyoyi, wato wuraren da ake dafa wa mutane abinci kyauta, sun rufe. Sa hannu ɗaya a Washinton, tukunyar adas, wani irin ƙaramin wake, ta huce a Omdurman.

Ni waɗanda suka fi burge ni su ne matasan nan na ɗakunan gaggawa, gurfatut tawari, da suka fito daga kwamitocin unguwanni. Ba ofis, ba farar mota mai tuta, gayya ce kawai irin wadda muka sani a gona, wannan ya kawo gawayi wancan ya kawo ful, mata su tsaya kan wuta tun asuba, kuma da yawansu an kama an kashe wasu a kan wannan aikin. A 2025 sun samu lambar yabo ta Right Livelihood, sun kuma cancanta wallahi. Amma su ma iyakarsu ke nan, za su ciyar da unguwa, ba za su iya biyan likita albashin shekara ba, balle su gyara tashar ruwa lokacin da kwalara ta shigo kamar a 2024.

Batun ƙanenki kuwa, in ni ne takiyyar unguwa zan ce ya sa, ko asusun magani da ku mazauna wurin za ku haɗa. Manyan irin su WFP, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da MSF, ƙungiyar likitocin agaji, suna aiki sosai, amma riyal ɗinsa a wurinsu ba zai ma ji ɗuriyarsa ba, a takiyya kuwa buhun adas ne da za ki gani da idonki. Sharaɗi ɗaya dai, kar kuɗin ya tsaya hannun mutum ɗaya ko da limami ne. A samu mutum uku, a sa mace a ciki, ya turo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartoum, yadda shaida za ta zauna a waya, duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban jama'a. Ba zargi ba ne, yunwa ce ta yi yawa.

Shi kuma asibitin kar ku bari a sa masa kwaɗo shiru. Ku haɗa dattawan unguwa da matan da ke zuwa awo, ku rubuta takarda ku kai ma'aikatar lafiya ta jiha, ku nemi ko ma'aikacin jinya ɗaya da ungozoma a turo muku, ku riƙe kwafin takardar. In sun ce ba kuɗi, ku tambaye su ranar da za ku dawo.