Ba a wasa ƙarfe ana gobe gasa

Ka tambaye ni ko ka wasa ƙarafan takalman yaran nan biyu masu zamiya kan ƙanƙara a daren Juma'a, tunda Asabar za su shiga gasa, wai don su fita da sabon kaifi. A'a, yaro. Ajiye takalman nan ka ji. Irin wannan tunanin ne ya taɓa ci wa shagon nan kuɗin ƙarafa da abokan ciniki na shekaru, kuma har yau in na tuna raina sosuwa yake yi.

Ƙasan ƙarfen ba baki ɗaya gare shi kamar wuƙar mahauci ba. Faɗinsa wajen milimita 4 ne, tsakiyarsa kwarmi, don haka kaifi biyu ne, na ciki da na waje. Zurfin kwarmin daga yadda ka gyara fuskar dutsen inji yake fitowa: rabin inci, ko 7/16, ko 3/8. Ƙaramar lamba ita ce kwarmi mai zurfi, mai cizon ƙanƙara da ƙarfi. Namijin da ke ɗaga mace sama da kansa yana juyawa da ita, nauyin mutum biyu ne a kan ƙarfensa, in ka zurfafa masa kwarmi sai ya nutse, juyi ya yi masa tauri. Ita kuwa ba ta da nauyi, takan buƙaci cizo kaɗan fiye da shi. Shi ya sa ba a yi wa su biyun awo ɗaya don kawai tare suke wasa.

To, ga abin da ya faru. Akwai wasu yara biyu da suka shekara huɗu suna wasa tare, yarinyar a kan rabin inci take tun tana ƙarama, a rubuce yake a katinta. Ana gobe gasar da za ta kai su gasar ƙasa baki ɗaya, mai horar da su ya shigo da yamma da takalmanta a hannu, ya ce ta ɗan zame a atisaye, a mayar mata 3/8. Aka ce masa ƙafarta ba ta san wannan cizon ba. Ya ce shi ne koci, shi ya san ɗalibarsa. Aka yi masa yadda ya so, ba a sa shi ya sa hannu a takarda ba, kuskuren shagon ke nan guda ɗaya.

Washegari a gajeren shiri, wato kashin farko na gasar, minti 2 da daƙiƙa 40 kacal, komai ya rushe. Da abokin wasanta ya jefa ta, ta yi juyinta daidai a sama, ta sauko da baya a kan kaifin waje na ƙafar dama. A nan ake so ƙarfe ya ɗauki nauyin ya sulale da ita. Nata sai ya kafe kamar an taka birki, jiki ya wuce, ƙafa ta tsaya, ta faɗi. Faɗuwa ɗaya maki ɗaya ake cirewa, ban da abin da alƙalai za su rage a kan jifan kansa. Sai juyin da suke yi kafaɗa da kafaɗa: ƙarfenta na kartar ƙanƙara, gudunta ya ragu, shi yana nan a kan nasa, suka rabu da juna kowa na gani. Kada ka ɗauki wannan juyin wasa. A Fabrairun 2007 a Colorado Springs, cikin irinsa ƙarfen Bryce Davison ya tsaga fuskar Jessica Dubé da tazarar da ke tsakaninsu ta ƙare. Yaranmu dai Allah ya tsare ba jini, amma ba su haye ba, shekara guda ta tafi.

Litinin sai ga kocin tare da iyayen yarinyar. A gabansu ya rantse bai taɓa cewa a canza awo ba, shago ne ya ɓata ƙarfe. Ba takarda, ba shaida. Aka biya sabbin ƙarafa na ɗaruruwan daloli alhali na farkon lafiyarsu ƙalau, washi ɗaya zai mayar da su. Ya kwashe ɗalibansa kaf ya kai wani wuri. Kuɗin washin daren nan ma bai biya ba.

Saboda haka ga yadda ake yi. Mako guda zuwa kwana goma kafin gasa ake washi, su hau ƙanƙara sau da yawa kaifin ya kwanta, ƙafa ta saba. Masu atisaye kullum sukan dawo bayan awa 20 zuwa 40 a kan ƙanƙara, kai za ka lissafa musu ranar ta faɗo daidai. Canjin awo kuwa sai bayan kakar gasa, mataki ɗaya, daga rabin inci zuwa 7/16, ba tsalle ba. Kuma wanda ya nema ya sa hannu.

Ɗaure ƙarfe a maƙala da gyaran dutse ba zan tsaya koya maka ba, wanda ya yi wata shida a nan bai iya ba ya nemi wata sana'a. Abin da nake so ka kiyaye shi ne gantsarwar ƙarfen daga gaba zuwa dunduniya, irin ta da'irar da daga tsakiyarta zuwa bakinta tsawon ƙafa 7 ne ko 8 gwargwadon samfurinsa. Dab da bayan haƙoran gaba, masu kama da na zarto a kan ƙarfen, akwai ɗan wurin da ake juyi a kai. Ka danna hannu a nan ka cinye shi, kuma ba ya dawowa. Haƙorin ƙasa kada dutse ya taɓa shi. Da haƙoran nan namiji ke kafewa a kewayen mutuwa, lokacin da yake riƙe da hannunta ɗaya tana zagaye shi kusan a kwance a kan kaifi guda. Bayan kowane washi ka ɗora ma'auni ka ga kaifin biyu tsayinsu ɗaya. In ɗaya ya fi, za ta riƙe a gefe guda ta zame a ɗayan.

Ku yaran yanzu kun ɗauka inji ne ke aikin. Ku kalli bidiyo na minti biyar a waya, ku zo kuna danna ƙarfe kamar masu sassabe, tartsatsi na tashi kuna murna. Hannu mai sauƙi ake so, bi kaɗan kaɗan, gudu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarfen da aka taurara a bakin ba shi da yawa, duk abin da ka ci ya tafi.

Na yaran nan, ɗauko katinsu ka duba ranar washin ƙarshe. In tsaga ce kaɗan a baki, bi ta da dutsen hannu daga gefe. Duba sukurorin da ke riƙe ƙarfe da tafin takalmi ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaure wanda ya saki. Goge ƙarafan su bushe, sa musu rigar ƙyalle, ba ta roba ba don tana riƙe ruwa ta kawo tsatsa. Ka ce su dawo Litinin.